Tarin yara a hunturu: wa ke buƙatar antibayotik, wa ake ɗura wa a banza?

Sista (asibitin karkara, Daura): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya kankama, layin yara masu tari da majina ya fara tsawo. Ina da tambaya ga masu sani. Me ke sa kusan duk yaron da aka kawo da tari sai a tarar an riga an fara mashi Septrin ko Ampiclox ko amoksisilin a gida, mu kuma ma'aikata sai mu ɗora wani a kan kati? Mu tattauna a fili don Allah, ba don a ɗora wa kowa laifi ba.

Likitan Yara (Katsina): Wa alaikumus salam Sista. Kafin dalilai, mu fara daidaita ma'auni. Mafi yawan tari da murar yara bairos ke kawo su, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Yaro lafiyayye yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, mai zuwa makaranta ma yakan wuce haka. Zazzaɓin yakan sauka cikin kwana 2 zuwa 3, majina ta kai mako guda ko kwana 10, tarin kuwa yakan ja har mako 2, wani lokaci ya kusa 3. To uwa ta fara sirof a kwana na 3, a kwana na 5 yaro ya tashi yana wasa, sai a ce maganin ne ya yi aiki, alhali ko ba a ba shi ba ranar zai warware. Daga nan Septrin ya yi suna a gidajenmu.

Wanda ke buƙatar antibayotik shi ne mai nimoniya, wato ciwon huhu, kuma ba da ƙarfin tari ake gane shi ba. Numfashi ake ƙirgawa. A bar yaron a cinyar uwarshi, a jira ya yi shiru, kada a ƙirga yana kuka ko yana shan nono. A ɗage riga, a sa ido a ciki ko ƙirji, a ƙirga minti guda cur da agogo. Ba a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu ba, domin numfashin ƙaramin yaro ba ya tafiya daidai, yakan yi sauri ya ɗan tsaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye, daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Sannan a duba ƙasan haƙarƙari: idan yana faɗawa ciki lokacin da yaro ke JAN numfashi, kuma yana yi a kowane ja, wannan faɗawar ƙirji ce. Ba a samu ko ɗaya ba, babu alamar haɗari, to mura ce, ba ta buƙatar antibayotik.

Mai Kemis (Katsina): Likita, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka ce a ɗage rigar yaro. Wane yaro? A kemis mafi yawan lokaci ba a zuwa da yaron. Uban ne zai biyo da dare bayan ya tashi kasuwa ya ce "ba ni na tari da zazzaɓi na ɗan shekara biyu", ko a aiko yayan yaron da tsohuwar kwalba a ce a ba da irinta. Idan ka ce sai an kawo shi, ko ka ce farasitamol ya isa, zai taka zuwa kemis na gaba, can a haɗa mashi kala huɗu a leda, gobe kuma a unguwa a ce wancan ya fi ka sanin aiki. Sannan ku lissafa wa talaka kuɗin mashin zuwa asibiti da dawowa, kuɗin kati, wunin da zai rasa a layi, da izinin fita da matar za ta jira. Kwalbar sirof guda ta fi mashi sauƙi. Ba jahilci ba ne kawai, lissafi ne.

Baba (tsohon jami'in lafiya): Malam mai kemis ya taɓo gaskiya. Ni kuma bari in ja ku ta ɗaya gefen, kada mu zauna a birni mu yi ta cewa a rage magani mu manta da waɗanda ba su samun shi sam. A 2019 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya. Ƙididdigar UNICEF ta 2018 ta sa Najeriya a kan gaba da kimanin 162,000. Yaran nan ba yawan magani ya kashe su ba, rashin samun wanda ya dace a kan lokaci ne. Ma'aikacin da ke ƙauyukan Batsari ko Safana ko Jibiya, inda hanya ba kullum take biyuwa ba, idan ya ga yaro da zazzaɓi da tari ya san da wuya a dawo da shi jibi. Sai ya ce gara in ba shi yanzu. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe.

Likitan Yara (Katsina): Baba, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne duka biyun suna faruwa a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Mai mura ya sha kwalba guda a banza, mai nimoniya ya sha rabin awo na maganin da ba shi ne daidai ba, a zo da shi bayan kwana 5 yana nishi. Ƙirga numfashi shi ke raba su, kuma minti guda ne, ba ya buƙatar hoto ko gwajin jini.

Mai Harhaɗa Magunguna (Katsina): Maganar rabin awo ita nake son in tsaya a kai, don a nan ɓarna ta fi yawa, ko da an gano nimoniyar daidai.

Awon amoksisilin na nimoniya shi ne miligiram 40 a kowane kilo na nauyin yaro, sau 2 a rana, kwana 5. Mu ɗauki yaro mai kilo 10. Yana buƙatar 400 da safe, 400 da dare, wato 800 a rana. Sirof ɗin da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai 125 a cikin mililita 5. Ka ga kenan sai ya sha mililita 16 kowane sha. Me ake rubutawa a jikin kwali? Sanda uku, "cokali ɗaya sau uku". Wato 375 a rana, bai kai rabin abin da ake so ba. Kuma idan za a ba da awon daidai, 16 sau 2 sau kwana 5 mililita 160 ke nan, kwalba mai 100 ba ta isa, sai biyu. Wa ke sayen biyu? Idan mai 250 a mililita 5 ne, mililita 8 ya isa, kwalba guda ta kai. Don haka a riƙa karanta ƙarfin da ke jikin kwalba, kwalayen kan yi kama da juna.

Shi ya sa ƙwaya mai narkewa ta 250 ta fi. Daga wata 2 zuwa 11, ƙwaya 1 safe da dare, jimla 10. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 3, ƙwaya 2 safe da dare, jimla 20. Daga shekara 3 zuwa 5, ƙwaya 3 safe da dare, jimla 30. A jefa a cokali ko ƙaramin kofi da ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa, ta narke, a ba shi duka. Ba ta son firij, ba ta zubewa, kuma uwa tana ganin saura nawa.

Haɗa sirof ɗin gari ma wani wurin faɗuwa ne. A fara girgiza garin ya saki daga gindin kwalba. A zuba tafasasshen ruwan da ya huce, ba mai zafi ba, kamar rabi, a rufe a girgiza, a jira kumfa ta kwanta, sannan a cika zuwa layi daidai. Wasu kan cika har wuya don ya yi auki, sai ƙarfin ya ragu. A girgiza kafin kowane sha, a auna da sirinji ko murfin awo, ba cokalin shayi ba, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Bayan an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, mako 1 zuwa 2 gwargwadon abin da ke rubuce a kwali. Augmentin da 'yan'uwansa masu sinadarin kilabulanik dole sai firij, kuma bayan kwana 7 a zubar. A zafin Afrilu da Mayu na Katsina, da ma'auni ke haura 40, ga rashin wuta, kwalbar da aka ajiye a kan taga ta riga ta tashi aiki. Wanda ba shi da firij ya ɗaure ta a leda ya jingina a gindin randa, ya fi babu, amma ga mai kilabulanik wannan ba mafita ba ce, gara a zaɓi wani maganin tun farko.

Sista (asibitin karkara, Daura): Ragowar kwalba ita ce babbar matsalarmu. Ana dainawa a kwana na 2 ko 3 da zarar zazzaɓi ya sauka, a ɓoye sauran a bayan kwalla, bayan wata biyu ƙanen ya fara tari a ɗauko.

Mai Kemis (Katsina): To majina koriya fa? Iyaye da yawa da ita suke kafa hujja, har ma'aikata. Suna cewa tunda ta yi kauri ta canza launi, ciwon ya nuna.

Ɗan Dakin Gwaji (Katsina): Ba hujja ba ce Malam. Launin daga fararen ƙwayoyin jini yake, waɗanda jiki ya tura hanci su yi yaƙi, suna ɗauke da wani sinadari mai launin kore. Murar bairos ma tana bin wannan hanya: ruwa-ruwa da farko, ta yi kauri ta koma rawaya ko kore, sannan ta bushe. Ƙurar hunturu ma tana ƙara mata duhu. Abin da zai sa a sake tunani shi ne ta wuce kwana 10 babu sauƙi ko kaɗan, ko yaro ya fara warwarewa sai zazzaɓi mai zafi ya dawo sabo.

Ina so in ƙara wani abu da ake mantawa. Zazzaɓin cizon sauro ma yana sa numfashi ya yi sauri, haka ƙarancin jini mai tsanani. Duk yaro mai zazzaɓi a yankinmu a yi mashi gwajin yatsa, minti 15 zuwa 20 ne. Amma a kula da tarkon da ke ciki: gwaji ya nuna babu maleriya, sai ma'aikaci ya ji kunyar sallamar uwa hannu rabbana, ya rubuta antibayotik ya cike gurbi. Ko ya nuna akwai, sai a manta da ƙirga numfashi, alhali yaro na iya ɗauke da duka biyun. Gwajin yatsa amsar tambaya ɗaya yake bayarwa.

Ungozoma (Daura): Ku ba ni dama in kawo ɓangaren jarirai. Akwai al'adar ɗiga wa jariri Ampiclox tun ranar haihuwa ko kafin suna, wai don wanke ciki ko don kada cibiya ta yi ciwo, har a cikin kayan haihuwa ake sayen shi. Jariri lafiyayye ba ya buƙatarsa. Cibiya kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ake shafa mata a waje. Ɗigon nan yana dagula ƙwayoyin hanji masu amfani, ya kawo gudawa da farin baki, kuma mafi muni yana sa iyaye su zauna a gida da jaririn da ya kamata a ruga da shi asibiti, suna ganin ai yana kan magani.

Jaririn da bai kai wata 2 ba dokarsa daban ce. Numfashi 60 ko fiye bayan an ƙirga sau biyu, ko ƙirji na faɗawa sosai, ko ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙasa da digiri 35.5, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko jijjiga: asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ba jiran gari ya waye ba. Ɗan faɗawa kaɗan a ƙirjin sabon jariri ba komai ba ne, ƙashinsa ne bai yi ƙwari ba. Mai zurfi ake nufi.

Sannan ɗakin mai jego a hunturu: an rufe taga ruf, ga kaskon garwashi, ga turaren wuta, ga hayaƙin itacen ruwan wanka na shigowa. Jaririn zai yi ta tari da toshewar hanci, a yi ta canza sirof, alhali iska ɗakin ke nema.

Baba (tsohon jami'in lafiya): 'Yata kin manta da wanzami. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce beli ne, a kai a cire. Daga nan ga zubar jini, ga ciwo a maƙogwaro, yaro ya ƙi cin abinci, ga haɗarin sandarewar jiki idan ƙarfen ba shi da tsabta. A lokacin ne fa zai buƙaci antibayotik na gaske, wanda da farko bai buƙata ba.

Mai Kemis (Katsina): Wani abin kuma allura. Akwai uban da idan ba a yi wa ɗanshi allura ba, a wurinshi ba a yi magani ba. Yanzu seftiriyazon ta zama ruwan dare, ko'ina ana yi.

Likitan Yara (Katsina): Wannan ita ta fi tayar mini da hankali. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya tsari bisa binciken da ya nuna amoksisilin na sha yana aiki daidai da allura ga yaron wata 2 zuwa shekara 5 mai saurin numfashi ko faɗawar ƙirji, matuƙar babu alamar haɗari. Allura ta mai tsanani ce: wanda ba ya iya sha ko kama nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya galabaita ba ya farkawa sosai, yana ƙara mai kaushi wajen jan numfashi alhali yana kwance shiru, ko na'urar yatsa ta nuna iskar jininsa ƙasa da kashi 90 cikin 100. Shi ma a gadon asibiti, kuma abin farawa ampisilin ne miligiram 50 a kowane kilo duk awa 6, da jentamaisin miligiram 7.5 a kowane kilo sau ɗaya a rana. Seftiriyazon ta baya ce, idan na farko ya gaza. Kuma irin wannan yaron sau da yawa iskar oksijin ce ke ceton shi kafin maganin ya fara aiki, ita kuwa babu ta a kemis.

Allura guda ko biyu a ɗakin kemis ba ta kammala komai. Jentamaisin idan aka wuce awo tana taɓa ƙoda da ji. Allurar ɗuwawu a ƙaramin yaro idan ta sami jijiya, ƙafa na iya shanyewa. A gefen cinya ake yi. A 2017 aka kasa antibayotik gida uku: na farawa, na sa ido, da na ajiya. Amoksisilin da Septrin suna gidan farko. Seftiriyazon, sefurokzim, azitromaisin da sifurofulokzasin suna gidan sa ido, domin su suka fi saurin koya wa ƙwayar cuta taurin kai. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ƙasashe sun amince aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da ake amfani da shi ya fito daga gidan farko.

Ɗan Dakin Gwaji (Katsina): Taurin kan nan ba labarin Turai ba ne. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa. Yadda abin yake: hanci da hanjin kowane yaro cike suke da bakteriya ko yana lafiya. Duk kwalbar da ya sha tana kashe masu rauni ta bar masu taurin kai su yaɗu, su kuma wuce zuwa ƙannensa da 'yan ajinsu. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta shiga huhu ko jini, sai a tarar maganin arha ya daina ci, sai mai tsada, in ma akwai shi.

Mai Kemis (Katsina): To Likita ga tambaya, kada a ce gardama nake. Idan haka ne, me ya sa a Nijar, nan kusa da mu, aka bi gida-gida ana ba yara masu lafiya azitromaisin? Ni a hana ni ba mai tari, su kuma su ba wanda ko atishawa bai yi ba?

Likitan Yara (Katsina): Tambaya ce mai kyau Malam. Wani bincike ne mai suna MORDOR, a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka buga sakamakon a 2018. Sha ɗaya ne duk wata 6, kuma a Nijar mace-macen yara ya ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Amma su masu binciken da kansu sun gano ƙwayoyin da ba su jin azitromaisin sun ƙaru a garuruwan da aka raba. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowa ba; ta taƙaita shi ga 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mace-mace ya yi yawa ƙwarai, tare da sa ido kan taurin kan. Ciniki ne aka yi ido buɗe, ana auna riba da hasara. Sirof ɗin da aka ba mai mura hasarar kaɗai ke cikinsa. Haka yaro mai tamowa mai tsanani, shi ma ana ba shi amoksisilin a shirin ciyarwa ko ba ya tari, don jikinsa ba ya nuna alamun ciwo kamar na sauran yara. Kowanne da dalilinsa.

Sista (asibitin karkara, Daura): Akwai masu shessheƙa kuma, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Su ake ta zagaye da su daga wannan sirof zuwa wancan duk hunturu.

Likitan Yara (Katsina): Su kam a fara da salbutamol na shaƙa kafin a yanke hukunci. Feshi 2 ta cikin mazurari. Idan babu na saye, robar ruwa mai rabin lita ta wadatar, a huda gindinta daidai bakin abin feshin, yaro ya ja numfashi ta bakin robar. A maimaita har sau 3, tsakani minti 15 zuwa 20, sannan a sake ƙirgawa. Numfashi ya sauko ƙasa da ma'auni, to asma ce ko makamanciyarta, ba nimoniya ba. Jariri ɗan ƙasa da shekara mai shessheƙa karon farko bayan mura, galibi bairos ne ya kumbura ƙananan hanyoyin iska. Abin lura a gare shi shan nono da iskar jini.

Kada kuma a ɗauka ina cewa ban da nimoniya babu mai buƙata. Kunne mai ciwo da ruwa na ƙasa da kwana 14 ana ba shi amoksisilin kwana 5. Ɗan makaranta mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, da farin ruɓa a kan 'yan wuya da kaluluwa, ba tari ba majina, wannan ana yi mashi kwana 10 cur don kare zuciya. Mashaƙo, da ya addabi Kano da Katsina da Yobe a 2023, idan aka ga fata mai launin toka manne a maƙogwaro da kumburin wuya, kada a taɓa, kada a kankare, a tura asibiti nan take don yana buƙatar allurar kashe dafi ban da antibayotik, 'yan gidan ma a duba su. Tarin da ya wuce kwana 14, musamman da rama ko wani babba mai tari a gida, a nemi gwajin tarin fuka, kyauta ne, a daina gwada kwalabe.

Ungozoma (Daura): Rigakafi ma yana rage buƙatar maganin tun daga tushe. Penta (allurar cututtuka biyar) da PCV (ta nimoniya) a mako 6, 10 da 14, ƙyanda a wata 9 da 15. Duk uwar da ta zo da mai tari a tambaye ta katin.

Mai Harhaɗa Magunguna (Katsina): Malam mai kemis, maganarka ta kada mutum ya fita hannu wofi gaskiya ce, kuma akwai abin sa mashi a leda ba tare da antibayotik ba. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce sau 4 a rana. A duba kada wani sirof ɗin mura da ake ba shi ya ƙunshi farasitamol a ninka. Ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ɗigo 1 ko 2 kafin shan nono, shi ke buɗe wa jariri hanya. Zuma rabin ƙaramin cokali zuwa guda kafin barci ga wanda ya haura shekara 1. Ƙasa da haka ba a ba da zuma sam, akwai ƙwayar da hanjin jariri ba ya iya yi da ita. Asfirin ba na yara ba ne. Kafso ja da yalo, wato tetirasaikilin, kada ya kusanci ɗan ƙasa da shekara 8, yana ɓata haƙora har abada. Sirof ɗin tari mai haɗe-haɗe ba ya rage kwanakin ciwo a ƙananan yara, mai kodin kuwa gwamnati ta hana shi tun 2018. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kankare lambar tantancewa a tura idan akwai.

Abu na ƙarshe da ya shafe mu nan arewa: da damina ana raba maganin rigakafin maleriya wata-wata, ɗaya daga cikin ƙwayoyin dangin salfa ne, Septrin ma haka. Ba a haɗa su. Kafin a miƙa Septrin daga Yuli zuwa Oktoba a tambayi uwa ko masu rabo sun zo.

Baba (tsohon jami'in lafiya): Kalaman da ake sallamar uwa da su ma magani ne. Idan ka ce mata "ba komai", ta ji kamar ka raina ta, za ta wuce kemis. Ka ƙirga a gabanta, ka ce "Hajiya, na ƙirga 34, na haɗari daga 40 yake, huhunsa lafiya. Tarin zai iya kai mako biyu. In kin ga numfashi ya yi sauri, ko nan wurin yana faɗawa, ko ya ƙi sha, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ki dawo ko da tsakar dare ne." Ka ɗora yatsanta a wurin da za ta duba.

Mai Kemis (Katsina): Na yarda da ƙirgawa idan yaron na gabana, agogon waya kowa na da shi. Wanda ya zo ba yaro, har yanzu ban ji amsa ba. Baba, kai ma ka ce tsoron yana da tushe.

Sista (asibitin karkara, Daura): Ya kira gida a gabanka mana Malam. Uwar ta ɗage riga ta ɗauki bidiyon ƙirjin na minti guda ta turo, ko ta ƙirga kai kana riƙe da agogo. Ba kowane gida ke da irin wayar ba, na sani, amma a cikin birni ya rage wasu.

Likitan Yara (Katsina): Bidiyo ya fi babu, amma ga wanda bai kai wata 2 ba kada a tsaya jiran shi, a ce a fito da jariri kawai. Sannan wanda aka fara wa amoksisilin a ce a dawo da shi a kwana na 3 a sake ƙirgawa. Numfashi ya sauka, yana cin abinci, a ƙarasa kwana 5. Bai sauka ba, kafin a ce magani ya gaza a tambaya nawa ake ba shi, sau nawa, ko yana amayarwa. Idan ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Ɗan sakin ciki ba dalilin dainawa ba ne, a haɗa da ORS. Borin jini da kumburin leɓe ko fuska kuwa a tsayar nan take a taho, kuma a rubuta a katinsa don kada a sake ba shi dangin fenisilin, Ampiclox da Augmentin duk suna ciki.